Tarwadar Harlan

Duk shekara, idan ruwan kogin Ouachita ya fara ja da baya, ni da maigidana Dewey mukan ɗauko motarmu mai ɗaki mu sauka a zangon tsoho Clovis, mu yi kamar wata guda. Wurin ba wani abin kallo ba ne. Fili ne shimfiɗaɗɗe tsakanin gonakin waken suya da bakin ruwa, kowace mota da gurbinta da famfonta da wurin jona wuta, sauro kuwa kyauta ne. Yawancinmu tsofaffi ne da suka ajiye aiki, mun san juna har da cututtukan juna.

Harlan Tubbs da matarsa Odessa sun riga mu fara zuwa zangon. Harlan direban tirela ne tun yana saurayi, duk wanda motarsa ta ƙi shiga gurbi shi ake kira. Sai aka daina ganinsu. Muka ji labarin ciwon suga ya cinye masa idanu, kuma 'ya'yansu sun matsa a sayar da motarsu mai ɗaki a huta.

Wata rana da hantsi muna shan kofi a waje, sai ga tsohuwar motarsu mai ruwan ƙasa tana tahowa a hankali kamar mai rakiyar gawa. Odessa ce a sitiyari, ta jera matasai a ƙarƙashinta don ta hango gaba. Matar da a da iyakarta ƙaramar mota, daga gida zuwa coci. Harlan na gefenta da baƙin tabarau.

Kafin ta fara ribas, mazan zangon sun kewaye ta. Wannan na cewa murɗa dama, wancan na cewa hagu, Dewey na ta kaɗa hannu kamar mai korar kaji. Ta tsaya, ta leƙo ta taga.

"Bayin Allah, a cikinku wa ya tuƙo ta daga Monroe?"

Dewey ya sauke hannunsa.

"To ku koma ku zauna. Ina da malami a nan, shi ma ya ishe ni."

Harlan ya kwashe da dariya. "Ku bi ta a sannu. Ni ma a hanya ta ce za ta sauke ni a gidan mai."

Ta shiga ta fito, ta shiga ta fito, har kofinmu ya huce. Da motar ta daidaita, ta sauko gumi sharkaf, ta kira ni da sunana ta ce, "Wanda, 'yar'uwa, zuba min ruwa."

Washegari na gan ta tana kafa turaku daga ƙofar motar har gaɓar kogi, ta ja igiyar shanya a kansu, ta ɗaure ƙarshenta a gindin wata bishiya, ta ajiye kujera a wurin. Daga ranar Harlan da kansa yake tafiya kamun kifi. Hannu ɗaya a igiya, ɗayan riƙe da sandar fatsa da gwangwanin hantar kaza. Da lalube yake sa hantar a ƙugiya, ya jefa, ya naɗa zaren a yatsa yana jira. Odessa ba ta bin sa. Tana zaune a inuwar rumfar mota tana gyaran wake, amma na lura waken ba ya raguwa, don idonta na kansa.

Ran nan da la'asar muka ji ihunsa. Sandar ta lanƙwashe kamar za ta karye, ya miƙe tsaye, kujerar ta kife. Kifin ya fizge shi, ƙafarsa ta zame a laka, ya faɗi zaune, ruwa har ƙugu. Tabarau ya yi nasa wuri.

Dewey ya zabura zai ruga. Odessa ta cafke masa riga ta baya.

"Kada ka taɓa shi."

"Haba Odessa, mutumin nan ba ya gani!"

"Na fi ka sanin haka. Wurin ba zurfi, na auna shi da ƙafata. Tsaya nan."

Ta taka zuwa gaɓar, ta tsaya nesa kaɗan da shi, ta rungume hannuwanta a ƙirji.

"Tsoho, kifin na neman kututturen da ke hagunka."

"Na ji shi. Rufe min baki, mace."

"Na rufe. Amma ya kusa."

Harlan ya durƙusa a cikin lakar, ya sakar wa kifin zare, ya jawo, ya sake saki, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin doki. Duk zangon ya taru. Da kifin ya gaji ya matso, sai ya bi zaren da hannu, ya cusa yatsu a bakinsa, ya turo shi kan gaɓa da ƙirji. Tarwada ce, kanta ya kai faɗin faranti. Ya zauna yana haki, yana shafa ta daga gashin baki har wutsiya, ya sake shafawa.

"Dewey, kana nan?"

"Ga ni."

"Ka taɓa kama irin wannan?"

"Ban taɓa ba."

"To ga ka da ido biyu, me kake yi da su?"

Aka fashe da dariya, Clovis har da buga ƙafa. Harlan ya laluba ya kamo igiyarsa, ya hau da kansa, laka tun daga wuya har ƙafa.

Ni da Odessa muka ɗauki kifin zuwa bayan mota don mu feɗe. Tana ɗora wuƙa sai ta ajiye, ta dafa tebur, ta yi kuka mara sauti. Can ta share ido da gefen riga.

"Tunda idon ya tafi, kowa ɗaukar masa cokali yake yi," in ji ta. "Yara sun mai da shi jariri, don ƙauna fa, ba don mugunta ba. Ya daina magana a gida, Wanda. Shi ya sa na je filin coci na koyi tuƙa wannan dodon."

"Da ya nutse fa?"

"Da na shiga na fito da shi, ya yi ta zagina har mu mutu." Ta ɗauki wuƙar. "Miƙo min garin masara, rana na tafiya."

Kafin faɗuwar rana mun haɗa tebura, mun soya tarwadar da yaji, kowa ya kawo abin da ke motarsa. Harlan ya ba da labarin kamun sau ba adadi, kowane zagaye kifin na ƙara tsawo, Odessa na gyaɗa kai tana cewa haka aka yi.

Sun ƙara sati suka tashi. Harlan ya ce yana so ya ji ƙarar teku, ita kuma ta ce tunda ta iya ribas babu inda ba za ta je ba. Muka tsaya a bakin hanya muna ɗaga musu hannu, ta bi ta kan famfon Clovis ta lanƙwasa shi, ba ta ko tsaya ba.