Nonon Wata Ashirin da Biyu

Takardar gwaji ta ce Bintu ba uwar yarinyar ba ce, Bintu kuwa ta ce takardar ce ba ta da hankali.

Shekara goma ke nan da ranar da 'yan bindiga suka shiga Mubi, gudu ya raba ta da Naziha, 'yar shekara huɗu. Tun daga nan tana unguwar Wuro Hausa tana ɗinkin hula, ido a kan allura, kunne a ƙofa. Bana aka kai ta wani gidan marayu a Yola, ta ga budurwa mai wushirya irin ta Naziha, wadda ba ta tuna komai sai gudu. Masu gidan suka ce ba za su ba da ita ba sai gwaji ya nuna.

Shi ya sa yau take zaune a ɗakin gwaji a Jimeta, gaban Edna, ma'aikaciyar da ta goga musu auduga a baki, ita da yarinyar, wancan watan.

"Mama, ke kin haife shi?" in ji Edna da Hausarta ta kasuwa, wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

Bintu ta ɓata rai. Wannan tambaya ko kusa da ita ba a yi a gidansu. Da ƙyar ta ce, "Uwarta maƙwabciyata ce, ta rasu kwana uku da haihuwa. Ni na shayar da ita, wata ashirin da biyu. Ai ko Malam ya ce ɗana ba zai aure ta ba. Jini ɗaya ke nan."

Edna ta dafe goshi. "Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Wa ke faɗi?"

Edna ta ja hular da ke cinyar Bintu. Ta ce jiki ƙananan ƙwayoyi ne, kowacce da ɗan ɗaki a tsakiyarta, a ciki akwai rubutu da ake kira DNA, rabi daga uwa, rabi daga uba. Shi ke gaya wa ƙwayar irin furotin, wato sinadarin gina jiki, da za ta ƙera, na jini, na gashi, na tsoka.

"Kamar zanen hular nan. Nono zare ne, Mama. Jiki ya warware shi, ya ɗinka yadda zane ya ce."

Kan Bintu ya ƙara ɗaurewa. Zare dai ta san shi, zane ma ta san shi, amma ba ta taɓa ganin hular da aka ce babu zare a cikinta ba.

"To ki duba zaren."

"Ba a gani. Ya zama shi."

"Ya zama ita, kuma ba tawa ba ce?"

Edna ta tambaya ko akwai dangin mahaifan. Babu, uban a Mubi aka kashe shi, sauran Allah kaɗai ya san inda suka faɗa.

Sai a nan tsoro ya kama Bintu, tsoro na gaske, wanda ya fi na a hana ta yarinyar.

"Tsaya, 'yar nan. Bar zancen nawa. Wannan ɗin, Naziha ce ko ba ita ba ce?"

Edna ta juya takardar, ta sake juyawa, kamar akwai saura a bayanta.

"Takarda bai sani ba, Mama."

Bintu ta naɗe hularta, allurar ta soke ta ba ta ji ba. A bakin titi mai keke ya tambaye ta ina za ta.

"Wajen 'yata," ta ce.

Ya jira ta faɗi unguwa. Ta daɗe tsaye tana dubansa.