Sabulun Deok-su

Shekara talatin da ɗaya Gyeong-ae tana zamiya a tafkin Cheongpyeong da takalmin roba, kuma duk tsawon shekarun nan mijinta Deok-su ne ke yanka mata robar. Shi zai auna ƙafarta, ya yanka, ya ɗaure a kan allon zamiya da kusoshi, sannan ya hau jirgi ya ja ta da igiya tana kewaya balo-balo shida da aka jera a kan ruwa. Takalmin roba ba ya shiguwa sai da santsi. Kafin kowace fita sai ya tsiyaya sabulun wanke-wanke a ciki, ta cusa ƙafa tana mitar ya matse ta, shi kuma yana cewa ƙafar ce ta yi ƙiba.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Tuƙi ya ƙare, yankan roba ya ƙare, magana ma sai da lalube. Abin da ya rage masa shi ne hannun hagu, wanda ke iya matsa robar sabulu. Don wannan kaɗai yake tashi da safe ya sa hula, ta tuƙo shi bakin ruwa, ya zauna a kujera kan dakalin katako da sabulun a cinya. Gyeong-ae ta sani sarai, ran da ya daina zuwa nan, ba zai ƙara fita daga ɗaki ba.

A watan Yuni ta faɗi wajen balo na huɗu. Robar ta tsufa, ba ta riƙe ƙafar ba, ba ta kuma sake ta ba, sai ta murɗe mata idon sawu. Likita ya ce in aka maimaita, ta yi sallama da ruwa. Da ta warware, Bang, mai kulob ɗin zamiyar, ya ɗauko mata takalmi mai tauri kamar ƙoƙon kai, da sakatar ƙarfe a dunduniya wadda ke cillo takalmin gaba ɗaya in mutum ya faɗi.

"Yaya, robar nan taki ta girmi 'yata," in ji shi. "Gidan tarihi ya kamata a kai ta, a haɗa da ke."

"Kai da tumbi ya hana ka ganin allonka, kai ne za ka koya min takalmi?"

Ya yi dariya, ya shiga yi mata bayanin tsaro. Ta bar shi yana yi. Shekara ashirin da suka wuce, da bakin nan nasa ya rantse mata roba ce lafiya, mai tauri kuwa karya ƙashi ne. Masana ba sa jin kunyar juya magana, muddin akwai sabon kaya a kanta. Amma wannan karon ta juya sakatar a hannunta, ta ga gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya ɓata mata rai ke nan. Ta ga wani abu kuma da Bang bai gani ba: wannan takalmi ba ya bukatar sabulu.

Mako guda tana jujjuya abin a ranta. In ta zauna a roba ta karye, ita da Deok-su duka sun bar tafki. Ta ɗauki mai tauri.

Safiyar farko Deok-su ya miƙo sabulun kamar kullum. Ta zura ƙafa, ta ja maɗauri, ya ce ƙas. Hannun nasa ya ɗan tsaya a sama, sannan ya koma cinya.

A nan ta yi kuskuren. Ƙa'ida ce kafin a shiga ruwa da irin wannan takalmi a gwada sakatar a tudu: wani ya taka wutsiyar allon da nauyinsa, mai takalmin ya fizgi jiki gaba, a ga ko za ta saki. Bang ya matso zai taka, ta dakatar da shi, ta nuna mijinta.

"Baban Hye-rim ne zai taka min. Shi ya san nauyina."

Deok-su ya dube ta. Ya gane aikin tausayi ne aka nemo masa, amma ya dafa sanda ya miƙe. Ya ɗora lafiyayyar ƙafar a kan wutsiyar, shanyayyar tana reto a gefe. Gyeong-ae ta fizga. Sakatar ta saki daidai yadda aka yi ta don ta saki, allon ya zabura, Deok-su ya zube ta gefe a kan katako.

Mutanen dakalin suka yo kansa. Rabinsu shi ya koya musu tsayuwa a kan ruwa, yau ga su suna ɗaga shi ta hammata suna cewa sannu Kaka, a hankali Kaka. Babu abin da ya karye. Da suka zaunar da shi, ya yi mata alama da hannu ta tafi, jirgi na jira.

Ta tafi. Allon ya bi ƙafarta kamar yana jin tunaninta, ta kewaye balo shida cif a gajeriyar igiyar nan mai wuya da rabonta da ita shekara bakwai. Bang yana ta buga gefen jirgi don murna. Ita kuwa dakali take hange.

A mota, da suka wuce gada, Deok-su ya buɗe baki. Ya haɗo kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ya ce takalmin ya karɓe ta, kada ta sake ta koma roba.

Washegari ta dafa shayin sha'ir, ta naɗe shinkafar kimbap ta mutum biyu, ta leƙa ɗaki. Yana kwance ya fuskanci bango. Ta ce masa ta fasa, za ta ciro tsohuwar robar ta mayar, idon sawun ai nata ne.

"Ki karye," ya ce, "don in sami abin yi?"

Ta tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a hannu har shayin ya huce, sannan ta fita ita kaɗai.

Bai ƙara zuwa ba har ruwa ya yi sanyi aka ɗaure jirage. Ita kuwa ba ta taɓa zamiya mai kyau irin ta wannan shekarar ba. Kullum in ta dawo takan same shi inda ta bar shi. Ba ya tambayar balo nawa ta kewaye, ita ma ba ta faɗa.