Tarar Malam Ishaq

"Hajiya, duba da kyau don Allah. Waya ce wannan?"

A kan matakala ya tare ni, hawa na uku, yana haki, ya manna mini takarda a hanci. Hoto ne dishi-dishi da na'urar kan titi ta ɗauka: gaban motarsa, wani abu kamar kan mutum, da hannu a kunne.

Na ce, "Malam Ishaq, ni ko jikokina da murya nake gane su."

"Karatu nake yi, Hajiya. Juma'a ce, Kahfi nake ja. Kin san in ban dafe kunne ba murya ba ta fita."

Na sani mana. Wa bai sani ba a gidan nan? Bahaushen Sudan ne, maƙwabcinmu na ƙofa da ƙofa a Hayyin Ashir, unguwar ɗalibanmu a nan ƙasar Larabawa, shekara huɗu ke nan tun da na zo wa 'yata Murjata wankan jego na liƙe. Da motarsa yake kai yaran ɗalibai makaranta, su bakwai, kuma iyaye sun ba shi ne don an san ba ya taɓa waya in yana tuƙi. Ko matarsa Mahasin ta kira sai ya tsaya gefen titi.

To ni dai ban ce ya yi ba. Mahasin ce ta faɗa mini muna shan gahawa, wai an ci shi tarar waya. Ni kuma na gamu da maƙwabciyarmu Humaira wajen shanya, na ce gwamnati ta ce ya yi, har na roƙe ta kar ta faɗa wa kowa. Kafin la'asar labarin ya sauka hawa biyar, ya tsallaka titi. Kafin mako ya zagayo yara biyu suka rage masa, su ma uwarsu ta yi tafiya ne.

Mahasin ta ce, "Ka biya mu huta, khalas, shi ke nan."

Ya ce, "In na biya na amsa ke nan."

Sai ya shiga zarya ofishin masu tarar. Ranar farko tagar a rufe. Rana ta biyu wai babu kwafin takardar zama. Rana ta uku aka ce ta waya ake shigar da ƙorafi yanzu, tazallum suke ce masa. 'Yarsa Dalia ta latsa masa, minti biyu aka gama. Ya ce, "A ina kika rubuta karatu nake?" Ta ce, "Baba, babu wurin." Ya ɗauki jakar ledarsa ya koma.

Da bakinsa ya ba ni labarin, yana zaune a matakala yana jiran numfashi ya dawo. Wai ya tsaya gaban ma'aikacin, ya dafe kunne ya ja aya uku, layi ya yi tsit. Ma'aikacin ya ce, "Allah, ya shehi! Muryarka zuma. Amma ma'alish, ka yi haƙuri, ai da hannu biyu ake riƙe sitiyari."

"Me ka ce masa?"

"Na ce to rubuta haka! Ci ni tarar kunne, ninka ma in kana so. Ka goge mini waya kawai."

"Ya goge?"

"Ya ce in jira saƙo."

Na so in ce masa ni ce. Har na buɗe baki, sai na ce ko ya ci abinci.

Ga zafi, ga ciwon suga, ga gidan nan da ba na'urar hawa. Ya rame har jallabiyarsa ta koma kamar ta aro. Ranar wata Talata ya dawo bayan azahar, ya zauna a kujerar falo bai cire takalmi ba, ya ce a ba shi ruwa. Kafin Mahasin ta fito daga kicin an gama. Ihunta ne ya fito da ni, da ludayi a hannuna.

Maza suka kai shi can bayan gari. Wajen zaman makoki, matan da suka janye 'ya'yansu su suka fara zuwa, kowace da tukunya. Humaira ta fi kowa kuka. Ni dai shayi na yi ta zubawa.

Kwana tara da rasuwar saƙon ya shigo. Ina zaune Dalia ta karanta: an karɓi ƙorafi, an rage rabin tarar.

Mahasin ta ce, "Wayar fa?"

"Tana nan, Yumma," ta ce wa uwar.

Mahasin ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Sannan ta dube ni, ba fushi a idon, gajiya kawai. "Hajiya, ke ce rediyon gidan nan. Me za a ji yau?"

Ashe ta sani.

Na saka silifas na sauka, ina bin bango saboda gwiwa. Na ƙwanƙwasa wa Humaira.

"Kin ji? An wanke Malam Ishaq. Sun ce karatu yake."

"Allah sarki! Ni dama ban yarda ba."

"Ki faɗa wa kowa," na ce.

Allah ya yafe mini, haka na bi ƙofa takwas da ita. Ƙofa ta tara, a hawan ƙasa, na buga na buga ba a buɗe ba, sai fanka nake ji tana juyi a ciki. Na sa baki a jikin katakon na faɗa duk da haka.

Komawa sama ce ta gagara. Na zauna a mataki na biyu, na zare silifas ɗin na ajiye a gefe. Can sama an buɗe wata ƙofa, wani yana sharo ƙasa sannu a hankali, tana zubowa ta tsakanin ƙarafan matakalar.