Ƙawar Inna Safara'u

"Ke! Fito nan!"

Mariya ce tsaye a bakin ƙofar Inna Safara'u, ta ci ɗamarar zuwa coci, ga mataji a hannunta. Tun da gari ya waye take neman 'yarta Lami ta yi mata kitson Lahadi, sai ga yarinyar zaune tsakanin ƙafafun tsohuwar, har an kai layin ƙarshe.

"Shigo mana, 'yar nan, ki ga aikin hannu," in ji Inna. "Shuku na yi wa ƙawata. Yau in ta shiga cocinku sai limaminku ya manta karatu."

Lami ta tuntsire da dariya, ta tashi da gudu don ta nuna wa uwarta kai. Ta yi tuntuɓe da dokin ƙofa, sai ta ce, "Bismillahi!"

Mariya ta haɗe rai. Ta kama hannun yarinyar, ta ja ta suka wuce, ko godiya ba ta yi ba.

Gidan haya ne a Unguwar Shanu, ɗakuna a jere, famfo ɗaya a tsakar gida. Mariya da mijinta Malam Bawa mutanen Wusasa ne, Hausawa Kiristoci. Shi akawu ne, ita kuwa tana buga tafireta a wata ma'aikata. Sun tare a gidan ne shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, Lami tana goye. Ɗakin da ke manne da nasu na Inna Safara'u ne, mai ƙosai, uwar Ja'afaru direba. Tun ranar farko tsohuwar ta miƙa hannu ta ce a ba ta jaririyar. Daga nan duk safiya in za su tafi aiki, wurinta ake barin Lami. Yanzu ga ta tana shirin shiga makaranta.

Lami 'yar fari ce, Mariya kuma an rene ta cikin alkunya. Ba ta kiran sunan yarinyar, ba ta ɗora ta a cinya in da ido, ba ta yaba ta. Sai "ke", sai "yarinyar nan". Haka uwarta ta yi wa yayansu, haka ta ga ana yi. Malam Bawa ya sama wa kansa mafita, yana ce mata Uwata. Inna kuwa babu abin da ya hana ta. Daga safe har yamma muryarta ce ke cika tsakar gida: "Lami! Lamina! Zo ki ɗanɗana mini gishiri."

Da suka dawo daga coci, Mariya ta zaunar da mijinta.

"Malam, ka ji abin da yarinyar nan ta ce da safe? Kuma shekaranjiya na tarar da ita a bayan Inna, ta yafa ɗankwalina, tana dungura goshi a ƙasa."

"Yaro ai biri ne, Mariya. Jiya ma na ga ta ɗauki murfin tukunya tana tuƙa motar Ja'afaru. Ko shi ma za mu ce ta zama direba?"

"Wasa kake yi da maganar. Mu muka tsaya a gaban jama'a ranar baftismarta, muka yi alkawari za mu rene ta cikin bangaskiya. Mu za a tambaya, ba mai ƙosai ba."

Malam Bawa ya dube ta ta saman tabarau. "Bangaskiyar ce ke damunki, ko kitson?"

Ta tashi ta shiga kwashe kwanuka da ƙarfi. Maganar alkawarin gaskiya ce, ta kuma ɗauke ta da nauyi. Kullum kafin a fita aiki sai Malam Bawa ya karanta 'yan ayoyi, ita kuma ta jawo waƙa. Ita ta koya wa Lami addu'ar cin abinci, kalma bayan kalma, tana zaune nesa da ita kamar malama da ɗaliba. Amma akwai abin da ba ta gaya wa mijinta ba. Ranar da Lami ta faɗi a bakin famfo ta fasa gwiwa, Mariya tana tsaye kusa da ita, amma yarinyar ta kewaye ta da gudu ta faɗa jikin Inna. Abin nan ya tsaya mata a rai kamar ƙaya.

Washegari ta kafa doka. Wata 'yar zumuntar matan cocinsu da ke Kawo ta yarda za ta riƙa riƙe Lami da rana. Ɗakin Inna kuma, ba shiga.

Inna ba ta yi ƙorafi ba. In sun haɗu a famfo sai ta ce, "Ina ƙawata? Ko ta yi sabuwar ƙawa a Kawo ta yar da tsohon zane?" Mariya ta yi murmushin da bai wuce leɓe ba.

Lami kuwa ta sami nata makamin. In an ajiye tuwo aka ce ta yi addu'a, sai ta rufe baki gam. A lallashe ta, shiru. A tsawata, shiru. Sai Malam Bawa ya yi addu'ar da kansa.

"Ka gani ko?" in ji Mariya. "An cire mata ita daga baki."

Da damina ta yi nisa, wata safiya ba a ji ƙamshin ƙosai ba. Yara suka zo da kwanukansu suka koma. Tari ne ya kama Inna, sai zazzaɓi, sai ƙafafu suka kumbura. Ja'afaru ya kai ta asibiti, aka ba da magani, aka ce a dawo da ita gida ta huta. Kowa ya san ma'anar wannan hutun.

Wata ranar Asabar Ja'afaru ya yi sallama a ƙofarsu, yana murza hularsa a hannu.

"Uwargida, Inna tana ta cigiyar ƙawarta. Ko abinci ba ta ci."

"Ayya, Allah ya ba ta lafiya. Ka san yara da ɗaukar tari."

"Haka ne," in ji shi. Ya tsaya kaɗan, ya tafi.

Kunya ta kama Mariya, amma ko a cikin kunyar sai da wani abu ya ce mata: ita in ta kwanta, wa zai yi cigiyarta haka? Ta dama kunun tsamiya, ta ce wa Lami ta zauna a ɗaki, ta ɗauka ta kai da kanta.

Inna tana kwance a kan gadon ƙarfe, ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu. Mariya na cikin gaishe ta sai ta ji an gifta ta gefen zanenta. Kafin ta buɗe baki Lami ta haye gadon.

"La ila! Ga mai gudun tsofaffi!" in ji Inna, murya a dishe. "Wa ya yi miki wannan kitso kamar kunyar gyaɗa?"

Mariya ce ta yi shi. Ta zuba kunu a ƙoƙo.

"Ba ni da bakin sha sai ƙawata ta fara," in ji Inna.

Lami ta kai hannu ga ludayi. Tsohuwar ta ɗan buge mata yatsu.

"A'a. Haka ake yi a gidanku? Rufe ido."

Lami ta haɗa tafin hannu, ta runtse ido. "Ya Uba, mun gode maka don abincin nan. Ka sa masa albarka, ka tuna da waɗanda ba su samu ba. Cikin sunan Yesu, amin."

"Kin tsallake iyayenki," in ji Inna. "Koma."

Yarinyar ta koma, ta sa Baba da Mama a inda suke.

Mariya ta tsaya da ƙoƙo a hannu. Abin da ta yi makonni tana roƙo a ɗakinta, ga shi an bayar a nan da bugun yatsa ɗaya. Ta so ta ji daɗi, amma ƙayar nan ta ƙara nutsewa. Har addu'ar ma sai tsohuwar nan ta ce a yi.

"Inna, a ina kika san ta?"

Inna ta nuna sama da haɓa. Bangon da ya raba ɗakunan bai kai kwanon rufi ba. "Kullum ina jin ki kina koya mata. Ni ba addinina ba ne, ba na faɗa. Amma amana aka ba ni. Ɗiyar mutane ba ta cin ƙosaina sai ta yi yadda uwarta ta ce." Ta yi tari mai tsawo. "Lami, je ki ɗebo mini ruwa a randa."

Da yarinyar ta fita, Inna ta kamo bakin zanen Mariya.

"Kin san abin da ta tambaye ni? Wai ko Mamanta ba ta san sunanta ba ne."

"Haba Inna, ke ma kin san al'ada."

"Na sani mana. Ja'afaru ba shi ne na fari ba. Na farin, ƙyanda ta ɗauke shi yana kamar ita. Har aka fita da shi ban taɓa kiran sunansa ya ji ba. Mutane suka yi ta yabona, wai Safara'u akwai kunya." Ta saki zanen. "Kunun nan naki ya cika tsami. Ba ki iya ba, amma ba ni in sha."

Ta sha ludayi biyu. Lami ta dawo da ruwa tana zubarwa a hanya, ta kwanta a gefen tsohuwar. Mariya ba ta ce ta fito ba. Ta zauna a bakin gado tana kallon hannun Inna yana shafa kitson nan da ta kushe.

Ranar Litinin da hantsi Inna Safara'u ta cika. Mariya ba ta je aiki ba. Ita ta yi ta jido ruwa daga famfo tana ajiye wa matan da za su yi wanka a bakin ƙofa. Malam Bawa ya zauna cikin maza a kan tabarma a waje. Bayan azahar aka yi mata salla, aka ɗauke ta. Da makarar ta bi ta zaure, Lami ba ta yi kuka ba. Ta tambayi Ja'afaru ko a motarsa za a dawo da Inna, shi kuwa ya juya fuska.

Da la'asar gida ya yi tsit, masu gaisuwa sun ragu. An yi yayyafi, tokar murhun ƙosai ta jiƙe ta yi baƙi. Lami tana zaune a kan 'yar kujerar Inna kusa da murhun, tana tona tokar da tsinke. Tun safe ba ta sa komai a ciki ba.

Mariya ta fito da tuwo a kwano, ta tsaya a ƙofar ɗakinta.

"Ke, zo ki ci abinci."

Yarinyar ba ta ɗago ba.

Akwai mata biyu a bakin famfo suna wanke kwanuka. Mariya ta dube su, ta dubi ƙasa. Sannan ta ɗago kai ta kira ta.

"Lami."

Yarinyar ta zabura, tsinken ya faɗi. Ta juya da sauri ta dubi ƙofar Inna, inda labule ke kaɗawa a hankali. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta waiwayo.

Mariya ta tako ta zo, ta zauna a ƙasa kusa da murhun, ta ajiye kwanon a tsakaninsu. Ba ta ce a rufe ido ba. Ta jira. Ruwan famfo yana ta zuba a bokiti, matan nan sun daina wanke-wanke. Can sai Lami ta goge tokar hannunta a jikin zanen uwarta, ta haɗa tafukanta biyu.