Ɗan Kyarkeci a Garken Hamad

Ruwa nake kai wa garkunan da ke bayan Arfa, can gindin duwatsu, da motar tanki wadda a nan ake ce wa wayit. Kafin tankin garke ya cika akwai zaman jira. A wannan jiran na san Baba Salihu, kuma a bakinsa na ji yawancin abin da zan faɗa. Ƙarshen ne kawai na gani da idona.

Baba Salihu mutumin Damagaram ne. Ya zo aikin Hajji gashinsa baƙi, bai koma ba, bai kuma taɓa samun igama, wato takardar izinin zama, ba. Tumakin wani Balarabe mai suna Hamad yake kiwo, yana da wata jar karya da ke taya shi gadi. Wata shekara da sanyi ya shigo karyar ta ɓace cikin duwatsu, ta dawo da tabon haƙori a wuya, daga baya ta haihu a bayan buhunan sha'ir. 'Ya'yan suka mutu, saura ɗaya. Da wannan ɗayan ya fara tasawa idonsa ya juya rawaya, ƙafafunsa suka yi tsawo fiye da na uwar, sai tsohon ya gane wanda ya yi cikin. Akwai kyarkeci a duwatsun nan, ƙanana ne, ramammu, ba a cika ganinsu ba.

Ya sa masa suna Bebe, don ba ya haushi. In abu ya dame shi sai ya yi wani gurnani can cikin ƙirji, in kuma an kira sallar magariba a masallacin bakin titi wani lokaci ya ɗaga kai ya yi kuka mai tsawo. Ba ya kaɗa wa kowa wutsiya. In an ba shi nama ya ci na ci, ya binne saura. Baƙo kuwa, tun motarsa na nesa Bebe ya haye wani tsauni da ke bayan shinge ya kwanta yana kallo, ba ya saukowa sai ƙurar motar ta kwanta. Ni kaina na shekara ina zuwa kafin ya yarda ya sha ruwa ina tsaye.

Na taɓa tambayar tsohon ko ya amince da shi a kan tumaki. Ya ce bai taɓa taɓa ko ɗaya ba, amma ranar da tunkiya ta haihu yakan ɗaure shi, don ya ga yadda hancinsa ke rawa in ya ji jinin haihuwa. Ya ce ba laifinsa ba ne, ciki biyu aka zuba masa a fata ɗaya.

Hamad bai damu ba, muddin dabbar ba ta kusanci tabarmar da yake salla ba. Ɗansa Mish'al ne ya damu, irin damuwar samari. Wata Juma'a ya zo da waya a hannu ya karanta mana cewa a wata ƙasar Turai sojoji ne da kansu suka haɗa karen makiyaya da kyarkeci, suna neman mai ƙarfin daji da biyayyar gida. Suka yi ta zaɓe, wanda ya cika gudun mutane a ware shi, wanda ya cika cizo a ware shi, har iri ya tsaya aka raɗa masa suna. Ya ce yanzu kowane kwikwiyo da takardar asalinsa, har kakan kakansa.

"Har da takarda?" in ji Baba Salihu.

"Har da hoto, ya ammi."

"To, shi kam ya gode Allah. Ni da Bebe sai dai a tambayi dutse."

Mish'al ya yi dariya, ya ɗauki hoton Bebe a kan tsauninsa ya watsa, ya rubuta cewa a garkensu akwai zib, wato kyarkeci, tsantsa, mai gadin tumaki. Tsohon ya roƙe shi ya gyara, ya faɗi cewa uwarsa karya ce. Mish'al ya ce in ya rubuta ruwa biyu babu mai tsayawa kallo. Kafin mako ya zagayo duk masu garke a kwarin sun gani.

Sai Hajji ya zo ya wuce. Kowa a nan ya san abin da ke biyo baya. Karnukan da ba su da masu su suna ƙoshi da ragowar shinkafa da kaza a Arfa da Muzdalifa, su hayayyafa. In alhazai sun tafi, masu shara sun kwashe komai, sai yunwa ta koro su gungu gungu zuwa garkuna. A wannan shekarar garken maƙwabcin Hamad, wani Abdulilah, suka fara shiga. Ya wayi gari ya tarar da tumaki a yayyage, wasu da ransu hanji a waje. A safiyar nan Bebe ya dawo da kunne a tsage da jini a baki.

Baba Salihu ya ce da karnukan ya yi faɗa, a ganinsa. Na ce ko zai iya rantsuwa. Ya ce ba ya rantsuwa a kan abin da bai gani ba.

Makiyayan wannan ƙasa suna da al'ada: in sun kashe kyarkeci sai su rataye shi a bishiyar bakin hanya, kai ƙasa, don kowa ya ga an rama. Ba a rataye kare, kare ba abin nunawa ba ne. Abdulilah ya aiko wa Hamad cewa bishiyar ƙayar da ke mararraba tana jira.

Hamad ba mugun mutum ba ne, amma ba ya son rigima da maƙwabci. Ya ce wa tsohon ya ɓatar da dabbar kafin a zo nema. Ni na kai su, ta hanyar ƙasa inda babu masu duba takardu, Bebe na kwance a ƙafar tsohon yana ta haki. Muka yi nisa cikin duwatsu har inda wayit ba ta iya wucewa. Tsohon ya sauke shi, ya ajiye masa cinyar akuya, ya juyo. Bebe ya biyo shi. Sai ya tsuguna ya ɗebi duwatsu ya shiga jifa, yana zaginsa da Hausa da Larabci, har ɗaya ya same shi a haƙarƙari. Muka dawo ba shi.

Da na sake kawo ruwa, Bebe na kan tsauninsa, ya rame, da sabon rauni a cinya. Tsohon ya ce dangin ubansa ba su karɓe shi ba.

Ina nan tiyo na zuba motocinsu suka iso, da hantsi. Abdulilah da ƙannensa biyu, ɗaya da bindiga, sai Hamad da Mish'al a baya. Bebe ya ja can saman tsauni ya laɓe, kunnuwansa kaɗai ake gani. Mai bindiga ya gwada hawa, dabbar ta ƙara nisa. Kowa ya san murya ɗaya ce za ta sauko da shi.

Hamad ya ce, "Kira shi, ya Hajj Salih. Khalas, a gama."

Tsohon ya ce makogwaronsa ya bushe. Aka miƙo masa ruwa, bai karɓa ba. Mish'al ya fara cewa ai shi ne ya ƙara gishiri a rubutunsa, uwar karya ce, kowa na iya tambaya. Abdulilah ya ce jiya zib ne a waya, yau da za a biya jini ya koma kare? Sannan ya juyo kan tsohon, murya ƙasa ƙasa, ya ce yana da lambar jawazat, jami'an shige da fice, a wayarsa, kuma ya ji an ce jirgin da ke mayar da marasa igama ba ya rasa kujera.

Baba Salihu ya ce, "Ka kira su. Ni dai ba na kiransa."

Abdulilah ya cafki wuyan rigarsa ya girgiza shi, hular tsohon ta faɗi cikin kashin tumaki. Ban ji gurnani ba, ban ji komai ba, sai tsakuwa na gangarowa. Bebe, wanda bai taɓa yarda ya kusanci baƙo ba, ya sauko a miƙe yana nufo tsakiyar mutane. Tsohon ya daka masa tsawa ya koma. Bai koma ba. Mai bindiga bai ko sha wahalar saiti ba.

Suka jefa shi a bayan mota suka tafi. Hamad ya ɗauko hular ya kakkaɓe ya miƙa, ya ce Allah Ya musanya da mafi alheri, zai kawo masa wani kwikwiyo. Tankin ya cika yana malala ƙasa, ban lura ba sai da tsohon ya nuna mini.

Da zan tafi ya roƙi in sauke shi a mararraba. Sun riga sun rataye shi a bishiyar ƙayar, ƙafafun baya a ɗaure da igiyar buhu. Wata mota ta tsaya, mutanen ciki suna ɗaukar hoto, ɗaya na cewa masha Allah, zib ne babba. Baba Salihu ya tsaya daga nesa, hannu a baya.

"Mukhtaru," ya ce, "da kyarkeci ne da bai sauko ba."

Na ce ya shigo in mayar da shi, rana ta yi zafi. Ya ce in tafi, tumaki ba su ci ba tun safe, zai taka.