Waƙar Adaka

Riguna uku, gashin aro guda biyu, aska, tulun zuma, mayafin ulu na ɗaure wuya, wasiƙar shugaban gidan opera, inda ake wasan kwaikwayo da waƙa, da takardun waƙa ɗaya naɗe cikin fata a ƙasan adaka. Iyakar abin da Severin Holub ya ɗauko daga Napoli ta ƙasar Italiya ke nan bayan shekara goma sha tara. Rana ta goma sha shida a hanya, keken dawakin ya gangaro daga duwatsu, Severin ya ji irin Jamusancin unguwar da aka haife shi a Vienna a bakin mai tuƙin, yana zagin dabbobinsa. Bai ji komai ba sai ciwon baya.

Wasiƙar gajera ce. Ana neman babban tenor a Vienna, mai muryar maza ta sama, wanda zai fito a jarumin sabon wasa. Sau ɗaya za a saurare shi. In ya yi, gurbin nasa ne. In bai yi ba, akwai wani. Shekarun Severin arba'in da ɗaya, kuma ya riga ya mayar da makullin ɗakinsa na Napoli.

Duk mawaƙin da ya isa yana yawo da waƙar adakarsa. Ariya ce guda, irin wadda mutum ke rerawa shi kaɗai, an ɗinka ta daidai da maƙogwaronsa. Duk wasan da aka ba shi, sai ya zare ta mai wasan ya cusa tasa. Ta Severin takan hau a hankali har ta kai wani sauti can ƙololuwa, ya riƙe shi tsawon numfashi, jama'a su miƙe tsaye. Shekara goma sha biyu tana ci da shi a garuruwan kudu.

Kashegari da hantsi ya shiga zauren gwaji. Sanyi, ƙaurin kyandir, masu goge suna hura hannuwa.

"Wa nake gani kamar Bajamushe?" in ji Tarsilla Bonaventi, babbar mawaƙiyar gidan, wadda suka taɓa aiki tare a Napoli. "Kai, wannan tumbi fa? Lallai taliya ta karɓe ka."

"Ke ma ba a bar ki a baya ba, uwar ɗakina."

"A can Bajamushe, a nan kuma tun jiya Ba'italiye suke ce maka. Allah ya ba ka gari, bawan Allah."

Wanda ya tsara wasan, Kajetan Rehberger, siririn mutum ne mai tawada a hannun riga. Ya taso daga gaban fiyano.

"Yallaɓai Holub, akwai ariyarka a kashi na biyu. Ban ƙarasa ta ba, sai na ji muryarka na auna."

"Kada ka wahalar da kanka, Maestro. Na zo da tawa."

"Jarumina yana kurkuku, gobe za a sare masa kai. Taka me take cewa?"

"Jirgin ruwa cikin guguwa."

"A kurkukun?"

"An yi ta a fada, an yi ta a bakin kabari. Ba wanda ya taɓa ƙorafi."

Masu goge suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Daga kujerun zaure shugaban gidan ya ɗaga sandarsa. A gefensa wani ƙaƙƙarfan mutum ne zaune, ya ɗora ƙafa kan ƙafa: Anselm Dorfner, tenor na biyu, wato wanin da wasiƙa ta ambata.

"A bar shi ya yi tasa," in ji shugaban. "Sautin nan nasa da ake ta ba ni labari na zo ji."

Aka rarraba takardun. Mai busa ya ba da sautin daidaitawa, gogaye suka bi shi. Nan take Severin ya ji sautin ya haura wanda ya saba da shi.

Ya manta abin da ko mai sharar dandamali ya sani: kowane gari da irin ɗaurin tsirkiyarsa. Kudu ƙasa suke ɗaurewa, Vienna sama. Tazarar ba ta wuce rabin taki ba. Takardar dai ita ce, amma sautin ƙololuwa ya ƙaura sama da rabin taki, kuma shekara biyu ke nan da ƙyar yake cafko shi a inda yake.

Zai iya ɗaga hannu ya ce a sauke masa. Sai dai a sake kwafe takardu, a sanar da masu ƙaho, kafin azahar kuwa kowane shagon gahawa ya ji cewa Holub ya dawo gida ba murya. Ya dubi Dorfner. Ya gyara tsayuwa, ya gyaɗa wa Rehberger kai.

Farkon ya tafi lafiya. Muryarsa ta tsakiya ta cika zauren, har shugaban ya daina wasa da sandarsa. Guguwar ta taso, gogaye suka shiga gudu. Ya bi su hawa na farko, ya bi na biyu. A na uku ya ji wuyansa ya ɗaure kamar an zarga masa igiya. Layi huɗu ya rage. Numfashin da ya saba ajiyewa don ƙololuwa ya riga ya ci rabinsa. Layi uku. Rehberger ba ya kallon takarda, wuyan Severin yake kallo. Layi biyu.

Rehberger ya doka hannu biyu kan fiyano.

"Tsaya! Masu ƙaho, me kuke busa min haka? Wane ne ya kwafi wannan abu, kaza ce ta taka tawada?"

Masu ƙaho suka dubi juna, suka dubi takardunsu.

"Ba zan iya aiki da wannan ba, ranka ya daɗe," ya ce wa shugaban. "Sai na gyara da hannuna."

Shugaban ya ciro agogo daga aljihu. "Ƙarfe huɗu. Daga inda aka tsaya." Ya fita, Dorfner na biye da shi yana murmushi.

Tarsilla ta zo wucewa ta gefensa tana naɗa mayafi, ba ta ko dube shi ba. "Ni fa na san inda waƙar nan take zuwa, Bajamushe. Jijiyar wuyanka ta fito tun ba ka isa ba. Wancan ƙaton Dorfner ma ba kurma ba ne."

Ɗakin Rehberger yana ƙarshen wani siririn lungu bayan dandamali. Severin ya same shi yana cin burodi da tsiran nama a kan tarin takardu, ƙofa a buɗe, ma'aikata suna kai da kawowa da katakai.

"Masu ƙaho ba su yi kuskure ba," in ji Rehberger.

"Na sani."

"Ba zan iya tsayar da su sau biyu ba."

"Da ƙarfe huɗu murya takan fi buɗewa."

"Rabin taki ba ya saukowa don an yi la'asar, Yallaɓai." Ya goge yatsunsa a wando, ya zaro wata takarda da rabinta babu rubutu. "Muryarka ta tsakiya babu irinta a garin nan. Ta sama ta tafi. Ariyar da nake rubuta maka ba ta hawa ko'ina. Mutum ne zaune a kan ciyawa yana jiran gari ya waye, sarewa ɗaya tana amsa masa. Ba wanda zai miƙe tsaye."

"Shugaban kuwa sautin ƙololuwa ya zo ji."

"Shi ya zo ji. Zai iya ɓata rai ya ɗauki Dorfner, ban ɓoye maka ba. In ka yi taka kuma ta fashe, ba ma sai ya yi tunani ba."

"Awa biyar, waƙar da ban taɓa gani ba."

"Huɗu da rabi. Rabin awa nawa ne, sai na ƙarasa rubutawa."

Severin ya karɓi takardar. Ya bi layin farko da ido, leɓunansa suna motsi. Wani mai ɗauke da tsani ya tsaya a bakin ƙofa yana leƙe.

Severin ya tura ƙofar da ƙafa, ta rufu.

"Ajiye naman nan, Maestro, ka auna ni. Taka zan yi."