Danƙon Daji a Haƙorin Sarip

Sarip bin Tumiran ya shekara saba'in da uku bai taɓa hawa kujerar likitan haƙori ba, sai bana da wani haƙorinsa na can ciki ya hana shi tauna ko da dafaffiyar ayaba. Tsohon mai tatsar itacen roba ne a garin Segamat na ƙasar Malay, mutum mai taurin kai, amma ciwon ya fi shi taurin kai.

A zuwansa na uku ne Likita Hazwani, wata yarinya siririya da ba ta daɗe da dawowa daga karatu a Ingila ba, ta ce yau za a cike ramin. Yana kwance baki buɗe sai ya ji ta ce wa mai taimaka mata, "Miƙo mini gutta-percha."

Sarip ya zabura, ya shiga gurnani yana kaɗa hannu.

"Zafi ne, Baba? In ƙara allura?"

Ya ture hannunta, ya tofar da auduga. "Me kika ce a miƙo miki?"

"Gutta-percha. Kalmar likitoci ce, Baba, da shi ake cike haƙori. Ina jin Latin ce, irin sauran da suka ba mu wuya a makaranta."

"Nuna mini shi."

Ta nuna masa wasu 'yan tsinkaye jajaye-jajaye, sirara kamar na sakace. Ya ce a ba shi ruwan zafi a kofi. Hazwani ta duba agogo, ta dubi tsohon, ta ce a ba shi. Ya jefa guda ɗaya, ya ɗan jira, ya tsamo. Abin ya yi laushi, ya murza shi ya zama ɗan dunƙule, kafin a jima ya sake taurarewa.

"Wallahi shi ne!" Sarip ya buga cinya. "Getah perca! Wace Latin, 'yata? Danƙon itacen taban ne! Kakana sai ya yi wata guda a daji yana nemansa. Ƙotar addarsa da shi aka yi, tana nan gida har gobe!"

Hazwani ta cire safar hannu, ta ɗauko waya ta duba. Can sai ta rufe baki tana dariya. "Baba, gaskiyarka. Daga harshen Malay Turawa suka ɗauka. Kai, har wayoyin da suka shimfiɗa a ƙarƙashin teku da shi suka naɗe su. Shekara biyar ina karya harshe ina faɗinta irin tasu, ashe maganar gidanmu ce!"

Da ƙyar ta samu ya kwanta aka gama aikin, don ko da ƙarfe a bakinsa bai fasa ƙoƙarin ba ta labarin kakansa ba.

Daga asibiti bai nufi gida ba. Ya hau babur, leɓe a sanƙare da allura, sai shagon kofi na Ah Hock, inda ya san zai tarar da Malam Rajoo. Shi wannan Rajoo tsohon malamin Turanci ne, kuma shekara ashirin ke nan yana ƙure Sarip da manyan kalmomi a gaban jama'a.

"Malam," in ji Sarip tun bai zauna ba, "yau ni ne da tambaya. Gutta-percha, daga ina ta fito?"

Rajoo ya gyara tabarau a tsanake. "Sauƙi. Gutta, wato ɗigo, da Latin. Kai kuma ina ka tsinto wannan, mai roba?"

"Ka faɗi! Ka faɗi ƙasa warwas! Ah Hock, kai ne shaida!"

"Ni ba ruwana," in ji Ah Hock daga bayan tukunyar kofi. "Ka fara goge yawun da ke zuba a rigarka."

Rajoo bai yarda ba. Ya tsallaka titi zuwa gidansa, ya dawo rungume da wani ƙaton ƙamus da bangonsa ya ɓare. Ya bi layi da yatsa, ya karanta, ya sake karantawa. Sarip kuwa kamar ya taka rawa a kan tebur.

"To," in ji Rajoo daga ƙarshe, "an kayar da ni. Shekara talatin ina koyar da harshen nan." Amma bai rufe littafin ba. Idanunsa sun riga sun kama wuta. "Tsaya. In sun ɗauki wannan, ai ba ita kaɗai suka ɗauka ba."

Ya koma baya 'yan shafuka, ya tsaya a kan godown, sunan da Turawan zamanin da suke kiran rumbun ajiyar kaya a bakin ruwa.

"Gudang!" Sarip ya yi ihu tun kafin a karanta masa. "Tamu ce! Biyu ke nan!"

"Sannu a hankali, sarkin gaggawa. Ga shi nan an ce wataƙila ku ma daga kudancin Indiya kuka aro. Kakannina ke nan. Rabi naka, rabi nawa."

"Wataƙila aka ce! Wataƙila ba hujja ba ce!"

Musu ya kaure. Mutanen sauran teburori suka jawo kujeru, kowa na jefo kalmar da yake so a duba. Ah Hock ma ya kasa haƙuri, ya ɗauko kwalbar ketchup, miyar tumatir ɗin nan ta kwalba, ya dire a gabansu, ya rantse kakarsa tana kiran romon kifi da suna mai kama da wannan. Da Rajoo ya karanta cewa ana kyautata zaton daga Hokkien, harshen su Ah Hock, ta fito, Ah Hock ya ɗaga kwalbar sama kamar ya ci kofin ƙwallo.

Sai da azahar ta gabato matar Ah Hock ta fito ta ce masu cin shinkafa da kaza na tsaye, su kuma sun tare tebur uku da kofi biyu. Suka kwashi littafin suka koma gindin bishiyar da ke ƙofar shagon, su bakwai. Sarip ne ya riƙe shi a cinya, ko da yake ba ya iya karanta ko layi ɗaya a ciki, yana juya shafi duk inda Rajoo ya nuna.